Gurbin Mama a Tsohon Hoto

Litinin, bayan an tashi makaranta

Yau Anti Mai Usur ta zo gidanmu. Ita ce shugabar kulob ɗin ƙwallon raga na mata, inda Mama, Allah ya ji ƙanta, ta yi kyaftin tun kafin a haife ni. Ko unguwa za ta je usur ɗin na rataye a wuyanta, shi ya sa sunan ya bi ta. Na kawo mata ruwa, na koma bayan ƙofa kamar ina neman wani abu a jakata.

Ƙarshen watan nan kulob zai cika shekara ashirin da biyar. Za a yi babbar liyafa a zauren wasanni, da abinci da kiɗa da rawa. Kowa zai sa baƙi da fari, saboda hoton da aka ɗauka ranar kafa kulob baƙi da fari ne. Kuɗin da aka tara za a kai ɗakin asibitin nan mai koren labule. Ba sai na rubuta wane ɗaki ba ne. Na san shi, har ƙarar ƙafar gadonsa na sani.

Babban abin da za a yi ranar shi ne a sake ɗaukar hoton. Mata goma sha biyu ne a ciki, kowace za ta tsaya inda ta tsaya a da, yadda ta tsaya. Sha ɗaya za su zo da ƙafarsu. Gurbi ɗaya ne a layin baya, can gefe, za a sa wata ta tsaya da jesin Mama.

Da ta faɗi haka har na fara tunanin ko zan cire tabarau ranar.

Sai ta ce wa Baba, "Mai wuta, mun zauna mun ga Barewa ce ta dace. Kai ma ai ka gani, kamar an tsaga kara."

Baba ya ce, "Haka ne."

Ko waiwayen ƙofa bai yi ba.

Barewa 'yar Inna ce, ita kuwa Inna ƙanwar Mama ce. Sa'ata ce, tare aka yaye mu, kuma ita kaɗai ce ƙawata ta gaskiya. Tana da tsawon Mama, da wuyan Mama, da wushiryar Mama, kuma ita ce ta fi kowa iya dukan ƙwallo a 'yan matan kulob. Ni Baba na ɗauko: gajarta, da faɗin goshi, da idon da sai da tabarau.

Ba kishi nake ba. Abin da ya faru nake rubutawa.

Talata, da safe

Ba wanda ya tambaye ni.

Laraba, da la'asar

Baba ne zai yi wa zauren wuta kyauta. Ni kuma aikina riƙe tsani, kamar kowace Asabar tun ina firamare. Na iya. Ƙafa ɗaya a matakin ƙasa, hannu biyu a gefe, ido a sama, baki shiru.

Na daɗe a gaban hoton yau. Yana nan saman talabijin inda yake kullum. Duk matan dariya suke, ba irin ta hoto ba, dariya ta gaske, har ɗaya ta dafa cikinta. Mama ce kawai ba ta kallon mai hoto. Ƙwallo na hammatarta, haɓarta a sama, tana kallon wani abu can gefen hagu, bakinta a buɗe.

Anti Mai Usur ta ce, "Ai Kyaftin kullum hankalinta na wani wuri." Sun manta. Ni ban manta ba, don Mama ta ba ni labarin tana yi mini kitso, ba sau ɗaya ba. Ranar akwai wani saurayi mai gyaran wuta a kan tsani bayan mai hoto, ya saki aikinsa yana kallon 'yan mata har tsanin ya fara rawa. Sai Mama ta ɗaga murya ta ce, "Kai mai wuta, in ka faɗo ba mai ɗaukar ka!" Kowa ya fashe da dariya, mai hoto ya danna. Saurayin nan shi ne Baba.

Yanzu mu biyu muka san wannan, ni da shi. Shi kuwa ba ya magana.

Tun bara ya kafa mini doka ɗaya. Wata rana na kira shi daga kicin cewa shayi ya nuna, sai ya fito fuskarsa wani iri ya ce, "In kina son magana da ni ki zo gabana. Kar ki ƙara kira na daga wani ɗaki." Ban ƙara ba. Dama ni ba mai surutu ba ce, yanzu kuma na ƙara ragewa. Ina jin muryata ce ba ta da daɗi.

Juma'a, da yamma

Barewa ta zo karɓar jesi.

Ta shigo da gudu kamar kullum, ta faɗa kan gadona da takalmi. "Malama Shiru, tashi ki ba ni kayan aiki. An ce in gwada ko sai an kai wa tela."

Na ce, "Cire takalmi."

"Na cire. Ke wallahi an haife ki da shekara arba'in."

Na ɗauko daga ƙasan akwati inda na naɗe ta da farin ƙyalle. Fara ce mai baƙin layi a kafaɗa, lamba tara, zaren taran ya ɗan tashi a ƙasa. Barewa ta zura a kan rigarta. Ba sai an kai wa tela ba. Ko kaɗan ba sai an kai ba.

Daidai nan Baba ya dawo. Ya tsaya bakin ƙofa da jakar kayan aikinsa, bai ajiye ba. Barewa ta juya ta yi masa irin sarawar sojoji ta ce, "Kawu, kyaftin ta iso. Ina 'yan wasan?"

Ya yi dariya. Baba ya yi dariya, har da sauti. Rabon da in ji wannan tun kafin koren labule. Ranar da na kawo masa sakamakon da na zo ta ɗaya, "Madalla" kawai ya ce. Ita ta sa rigar da ba tata ba ta ɗaga hannu, shi ke nan.

Na yi murna da ya yi dariya. Ya kamata in rubuta wannan. Na yi murna.

Asabar, da hantsi

Wurin da jesin take a akwati ya bar rami.

Lahadi, bayan abincin rana

Barewa ta dawo, wai in koya mata tsayuwar. Ta ce Anti Mai Usur ta ce fuska kawai ba ta isa ba, kuma ni na fi kowa sanin Mama. Wannan aƙalla sun sani.

Na koya mata. Nauyi a ƙafar hagu, don gwiwar dama ta taɓa gurɗewa. Ƙwallo a hammata, ba a riƙe ta da yatsu. Kafaɗa ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka. Kome na faɗa sau ɗaya take ɗauka. Duk abin da na ba ta sai in ji kamar na ciro shi daga aljihuna ne, kuma ba zai dawo ba.

Can ta matsa kusa da hoton har hancinta na neman taɓa gilashi. "Wai me take kallo haka?"

Na ce, "Ban sani ba."

"Kuma me take faɗi? Ga bakinta a buɗe."

"Na ce miki ban sani ba."

"To Allah ya huci zuciyar Malama."

Ban saba ƙarya ba. Kunnena ya yi zafi har yamma. Amma in na faɗa mata, za ta tsaya da fuskar Mama ta ɗaga kai ta kalli Baba ta faɗi maganar Mama. To ni me ya rage mini? Tsani?

Talata, kafin magariba

Inna ta kira wayar Baba yana wanka, na ɗauka. Na yi sallama. Ta yi shiru, shiru mai tsawo, har na duba ko layi ya katse. Sannan ta ce, "Au, ke ce," da wata murya kamar mai mura. Ta ce za ta sake kira.

Au, ke ce. Haka kowa yake ce mini.

Alhamis, da na dawo daga zaure

Yau aka yi gwajin tsayuwa.

Zauren ya canja. An naɗe raga an jingine, an kawo tebura masu zagaye, 'yan mata na hura balan-balan baƙi da fari suna fasa rabi. Ni da Baba muna can gefe, yana jan waya ta bayan katakon rufi, ina miƙa masa filaya da salatif.

Tsofaffin 'yan wasa suka zo, duk sun yi jiki, suna ihun ganin juna. Wata ta ce jesinta yanzu sai dai ta sa a hannu ɗaya. Da Barewa ta fito daga ɗakin canja kaya, zauren ya yi tsit. Sai suka yi kanta. Wannan ta shafa kumatunta, wannan ta riƙe hannunta, wannan tana share ido da gefen mayafi. "Kyaftin ce wallahi." "Dubi wuyan." "Yi murmushi mu ga wushiryar."

Wata mai gwal a haƙori ta zo wucewa ta kusa da tsani ta ce wa ta kusa da ita, "Wannan fa, 'yar waye?"

Aka ce, "'Yar mai wuta ce."

'Yar mai wuta. Kamar shi kaɗai ya haife ni.

Da aka jera su, kome ya yi daidai ban da abu biyu. Dariyar ta ƙi fitowa, duk sun yaƙe baki kamar masu jiran likitan haƙori. Barewa kuma ta ɗaga kai tana kallon sama ba ta san abin da take kallo ba. Anti Mai Usur ta busa usur ta ce, "Ke Barewa, ba roƙon ruwa aka ce ki yi ba!" 'Yan matan balan-balan suka ƙyalƙyale. Barewa ta yi dariya tare da su, amma na ga ta ciji leɓe.

Na ji daɗi. Ga shi na rubuta. Na ji daɗi, kuma sai da na kasa cin abincin dare.

Baba yana saman tsani duk lokacin. Ya san amsar. Amma ya ci gaba da naɗe waya ɗaya da salatif har ta yi kaurin yatsa.

Juma'a, lokacin tara

Barewa ta ajiye mini wuri a benci. Na wuce ɗakin karatu.

Asabar, da yamma

Mun yi faɗa a matakalar zaure. Ba zan rubuta abin da na ce mata ba.

Lahadi

Ba zan rubuta ba.

Litinin, bayan an tashi makaranta

Na samu ƙasa da rabi a gwajin lissafi. Malam ya riƙe takardata ya dube ni ta saman gilashinsa ya ce ko ba ni da lafiya. Na ce lafiya lau.

Faɗan ranar Asabar, Barewa ce ta fara. Ta biyo ni da gudu tana cewa me ta yi mini, kwana nawa ina share ta. Na ce ba kome. Ta ce, "In jesin ce ki faɗa mana, ni ba ni na roƙa ba." Cikin mutane ta faɗa, da ƙarfi. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Abin da na ce ya shafi cewa ita tana da tata uwar a gida, da rai da lafiya, tana yi mata kitso, amma bai ishe ta ba.

Akwai sauran magana bayan wannan. Ita ce ba zan rubuta ba.

Ba ta rama ba. Da ta rama da ya fi mini.

Laraba, da la'asar

Na dawo na tarar da baƙar leda a kan kujerar falo, jesin na ciki. Baba ya ce Inna ce ta aiko, wai Barewa ta ce ba za ta iya ba. Bai tambaye ni dalili ba. Ya ce Anti Mai Usur na ta kira hankalinta a tashe, ya ce mata a bari zuwa gobe.

An wanke ta, an goge, har an ɗinke zaren taran da ya tashi. Wa ya ce ta ɗinke? Zaren nan ni nake wasa da shi da yatsa.

Ga shi dai na samu abin da nake so.

Alhamis, da sassafe

Na sa ta jiya bayan na gama wanke-wanke. Na rufe ƙofa na tsaya gaban madubi. Ta sauko mini har gwiwa, kafaɗar ta zubo kan damtse. Na cire tabarau sai na daina ganin kaina, na mayar sai na ga Baba sanye da rigar Mama.

Duk da haka na yi tsayuwar. Nauyi a hagu, filo a hammata maimakon ƙwallo, haɓa a sama. Na fi Barewa iyawa, na rantse na fi ta. Na san abin da nake kallo.

Na fito falo a haka. Baba na gyaran wata tsohuwar fanka a ƙasa. Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe kaɗan, sannan ya ce, "Ta yi miki yawa. Ki kula kar ta taɓa man nan."

Ya koma kan fankarsa.

Ban yi kuka a gabansa ba.

Alhamis, da yamma

Ni na mayar da ita da kaina. Ba don kirki ba, kar in yi wa kaina ƙarya. Na dai hango kaina a layin baya ina leƙe ta bayan kafaɗar wata, mata goma sha ɗaya suna duba fuskata suna neman wadda ba ta ciki. Gara tsani.

Na samu Barewa a ɗakinta tana buga ƙwallo a bango. Ba ta daina ba da na shiga.

Na ce, "Ga kayanki."

"Ba nawa ba ne. An gaya mini."

Na tsaya. Na shirya magana mai kyau tun a hanya, duk ta gudu. Na ce, "Ta yi mini yawa."

Ta cafe ƙwallon ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ke kome ma yawa yake miki, har jakar makaranta." Ta so ta yi dariya, ba ta fito ba. Ta zauna bakin gado. "Kin ɗauka daɗi nake ji? Tun bara in na shigo ɗaki da farin mayafi Ummana sai ta juya baya. Tsofaffin nan suna taɓa mini fuska kamar sun zo gaisuwa. Ba wadda ta tambaye ni wasan da muka ci makon jiya. Ni fa tsoro nake ji, Shiru. Ranar nan na kalli madubi na kasa barci."

Ban taɓa tunanin haka ba. Na zauna kusa da ita. Na ce abin da na faɗa a matakala ba haka nake nufi ba. Ta ce, "Haka kike nufi, amma na yafe rabi. Sauran sai kin yi mini aikin gida na wata guda."

Da zan tafi ta sake tambaya. "Tsakani da Allah ba ki san me take kallo ba?"

Na ce, "Ki dai kalli hagu, sama."

Iyakar abin da na iya bayarwa ke nan. Na san rowa ce. Ba kishi nake ba. To, kishi nake. Malamar adabi ta ce a riƙa kiran abu da sunansa.

Juma'a, da magariba

Inna ta ɗinka mini baƙar doguwar riga mai farar kwala. Na yi kama da mai ba da magani a asibiti. Gobe ne.

Lahadi, da hantsi

Zan rubuta a hankali, daki-daki, don kar in manta kome.

Zauren jiya ban gane shi ba. Fitilun Baba ƙanana sun zagaye rufi kamar an watsa gishiri a baƙin zane. Kowa baƙi da fari, har masu kiɗa da masu rabon abinci. Wani babban mutum ya zo da jar hula, Anti Mai Usur ta busa masa usur tun daga ƙofa, sai da ya cusa ta a aljihu. An faɗaɗa tsohon hoton an rataye a bango, Mama ta kai tsawon mutum. An yi gwanjon tsofaffin ƙwallaye da kofin farko, an yi jawabi, wata nas daga ɗakin koren labule ta yi godiya. Ta gane ni ta ɗaga mini hannu. Na duƙar da kai. An yi rawa, tsofaffin 'yan wasa suka fi 'yan mata zafi. Ni ina zaune kusa da akwatin wuta da jakar Baba a cinya.

Sai aka zo hoto. Aka jera benci, matan suka fito da jesunansu da aka ƙara wa faɗi, mutane na tafi. Barewa ta fito a ƙarshe. Tafin ya tsaya. Na ji wata a bayana ta ce, "Allahu akbar." Na kalli Baba. Yana kallon ta. Na kalli takalmina.

Mai hoto ya ce gefen hagu ya yi duhu, babban ƙwan fitila ɗaya ya mutu. Baba ya ɗauki tsani ba tare da an ce masa ba, ya kafa bayan mai hoto, na bi shi na riƙe. Ya hau har matakin ƙarshe, wanda kullum yake hana yaran shagonsa takawa. Ya canja ƙwan, haske ya dawo. Amma bai sauko ba.

Mai hoto na ta cewa, "A yi dariya, iyaye, a yi dariya." Suka yaƙe baki irin na ranar gwaji. Barewa ta ɗaga kai hagu, sama, kamar yadda na ce, sai idonta ya faɗa kan Baba. Shi kuma ya juyo gaba ɗaya yana kallon layin baya, mataccen ƙwan a hannu ɗaya, ɗaya hannun ya saki ƙarfen. Na ji tsanin ya motsa a tafina. Ƙafar tsanin ɗaya ta ɗaga daga ƙasa.

Ban shirya ba. Wallahi ban shirya ba. Tsoro ne ya kama ni, da haushi, don ko a lokacin ita yake kallo. Sai na ji wata murya ta cika zauren, har ta dawo daga bango:

"Kai mai wuta, in ka faɗo ba mai ɗaukar ka!"

Ni ce. Ni na ce wa mahaifina "kai" a gaban mutum ɗari.

Ya damƙe ƙarfen. Zauren ya yi shiru kamar an ɗauke wuta. Sai mai gwal a haƙori ta dafa cikinta ta ƙwalla, "Tsanin! Wallahi tsanin ne! Na tuna!" Layin baya ya fashe, na gaba ya bi. Dariya suke suna kuka, suna dukan kafaɗar juna. Anti Mai Usur ta sa usur a baki ta kasa busawa. Barewa ta buɗe baki tana kallon Baba. Mai hoto ya danna, ya sake dannawa.

Bayan nan suka yo kaina. Ba su taɓa mini fuska ba. Mai gwal ta riƙe kafaɗuna tana cewa, "Sake magana, 'yar nan, ce wani abu. Muryar Kyaftin ce sak! Ina kika ɓoye ta?" Inna na gefe tana gyaɗa kai tana share ido, ta ce, "Ni da nake jin ta a waya fa." Na so ƙasa ta tsage.

Barewa ta zo ta mintsine ni a hannu, da zafi. "Muguwa. Ashe kin sani."

Na ce, "Na sani."

"Aikin gida ya koma wata biyu."

Baba ya sauko, ya naɗe tsani, ya tattara kayansa. A mota na yi ta jiran faɗa a kan "kai" ɗin. Da muka tsaya ƙofar gida ya kashe mota ya daɗe riƙe da sitiyari. Sannan ya ce, "Ita ta gaya miki?" Na ce e. Ya ce, "Ba kallon 'yan mata nake ba. Ita kaɗai nake kallo." Ya fita ya buɗe ƙofa.

Litinin, bayan an tashi makaranta

Mai hoto ya turo hoton a wayar Baba. Ya yi kyau. Ya yi kama da na farko har abin ya ba ni tsoro. Barewa ta fito fes, haɓa a sama, baki a buɗe, lamba tara. Ita za a rataye a bangon kulob, shekara ashirin da biyar masu zuwa ita za a riƙa nunawa. Ni ba na ciki. Can ƙasa a kusurwar hagu akwai wata 'yar inuwa, ina jin ta tsani ce.

Har yanzu in na kalla sai kishin nan ya taso mini. Na ɗauka zai tafi. Ya dai ragu.

Jesin ta dawo da ƙanshin turaren Barewa. Na mayar da ita akwati. Na duba ɗinkin taran, ba laifi, ta iya.

Talata, da safe

Na dafa shayi. Baba yana ɗakinsa, ina jin yana neman makulli. Na cire tukunya daga wuta, na goge hannu zan je gabansa kamar kullum. Na kai bakin ƙofar kicin sai na tsaya.

Na koma ciki. Na riƙe gefen tebur da hannu biyu, kamar tsani.

Na ce, "Baba! Shayi ya nuna!"

Ƙarar makullin ta tsaya. Shirun ya yi tsawo, har na fara shirya ban haƙuri.

Sai ya ce, daga can, da ƙarfi, "Na ji! Ki sa sukari da yawa!"

Baba ba ya shan sukari da yawa. Na zuba masa duk da haka.